Tsohuwar takardar hannun jari: wane dillali zaka kai wa in kana so ka sayar?

Tun da Babban Bankin Najeriya ya ce wa bankuna su ƙara jari a watan Maris na 2024, ya ba su wa'adi zuwa ƙarshen Maris na 2026, maganar hannun jari ta dawo bakin mutane. Ga shi kuma tun Janairun 2024 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya haye maki 100,000 karo na farko a tarihi, sai mutane suka fara buɗe adaka da tsofaffin jakunkuna suna zaro takardun da suka saya shekara ashirin ko talatin baya, wasu ma na iyaye ne da suka rasu. Tambayar da nake ta ji a majalisa da cikin gurup ɗin 'yan uwa guda ɗaya ce: ga satifiket a hannu, ina zan kai in sayar, kuma wa zan amince wa? Wani yace ka kai banki, wani yace ai takardar ta mutu tuntuni, wani kuma yace yana da yaro a Legas da zai sayar maka cikin sati ɗaya.

Duk ukun nan akwai gyara a maganarsu.

Takardar ta mutu ne?

A'a bata mutu ba, amma ba a ciniki da ita a kasuwa yanzu. Satifiket shaida ce kawai cewa sunanka yana cikin kundin masu hannun jarin kamfani, ainihin mallakar tana cikin kundin ne. Tun 1997 da kamfanin CSCS ya fara aiki, wato ma'ajiyar da ke riƙe hannayen jarin mutane a kwamfuta kuma take daidaita ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa, aka fara janye kasuwa daga takarda. Daga baya hukumar SEC mai kula da kasuwar ta matsa lamba aka kwashe kusan duk kundin kamfanoni aka zuba a CSCS. Kenan akwai yiwuwar hannun jarinka ya riga ya shiga kwamfuta ba tare da ka sani ba, yana ajiye ƙarƙashin wata lamba ta wucin gadi da rijistara, wato kamfanin da ke riƙe da kundin, ya ba shi, amma bazai sayu ba sai an haɗa shi da asusunka na wajen dillali.

Wannan haɗawar ita ce duk aikin. Sayarwa kanta minti nawa ce, in kamfanin ana cinikinsa sosai. Shi yasa nake cewa mai takarda ba irin dillalin da yaran yanzu suke nema yake buƙata ba, su manhaja mai kyau suke so a waya, kai kuwa kana neman wanda zai yi maka zirga-zirga tsakaninsa da rijistara har a gama.

Su waye a cikin harkar

Mutane suna cakuɗa su, shi yasa suke shan wahala a inda bai kamata ba. Rijistara shi ne kamfanin da ke riƙe da kundin sunaye, da samfurin sa hannunka na ranar da ka saya, kuma shi ke biyan ribar shekara. Kowane kamfani da nasa, irin su First Registrars, Africa Prudential, Coronation Registrars, Meristem, Veritas, Datamax, Greenwich da sauransu, kuma kamfani kan canza rijistara, sunan da ke jikin tsohuwar takardarka ƙila ba shi bane yanzu. Rijistara baya sayar maka da komai. CSCS ma baya sayarwa, ajiya ce tasa, shi ke ba ka lambar da ake kira CHN wadda ita ce shaidarka a duk kasuwar. Kasuwar kanta ita ce NGX, wadda aka kafa a Legas a 1960, aka daɗe ana kiranta NSE kafin ta sauya fasali da suna a 2021. Ba wanda zai shiga ya saya ko ya sayar a cikinta sai dillali mai lasisi.

Banki kuwa ba dillali bane. Abin da ya rikita mutane shi ne a banki suka cike fom lokacin saye, sai suke ganin can za a koma. Bankin ya karɓi fom ne kawai a madadin kamfani. Wasu bankunan suna da kamfanin dillanci ɗan uwansu, wannan daban ne da reshen da kake ajiyar kuɗi, kuma ma'aikacin da ke kan kanta bashi da ikon sayar maka ko hannun jari ɗaya.

Yadda takardun suka cika gidajenmu

Tsofaffin ciki sun samo asali ne daga dokokin mayar da kamfanonin turawa hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, sai kuma sayar da kamfanonin gwamnati da aka fara a 1988 ƙarƙashin kwamitin da marigayi Hamza Zayyad ya jagoranta, lokacin da aka riƙa ƙarfafa wa 'yan Arewa gwiwa su saya kar a bar su a baya. Amma mafi yawan takardun da ke yawo yanzu na tsakanin 2004 da 2008 ne, lokacin da Soludo, gwamnan Babban Banki a wancan zamanin, ya ce kowane banki sai ya tara naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, aka riƙa tallar hannun jari a rediyo da kasuwanni, ɗan kasuwa da malamin makaranta da matan aure masu adashi kowa ya saya. Da kasuwa ta faɗi daga watan Maris na 2008 sai kowa ya ji haushi ya jefa takardarsa a akwati ya manta.

Na kawo wannan tarihin ne saboda a nan matsalar yau ta samo tushe. A wancan lokacin babu BVN babu NIN, mutum zai cike fom uku da suna uku dan ya samu kaso mai yawa, wani ya rubuta Muhammadu a nan, Mohammed a can, a wata takardar kuma ya sa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi, adireshin kuwa akwatin gidan waya ne na ma'aikatar da ya bari tun tuni. Wani ma ma'aikacin banki ne ya cike masa, shi dai ya dangwala yatsa ko ya yi wani sa hannu da yau ko shi bazai iya maimaita shi ba. Duk wannan sai an warware shi kafin a sayar.

Ka fara sanin abin da ke hannunka

Kafin ka sa ƙafa a ofishin kowa, zauna ka jera takardun, ka rubuta sunan kamfani da lambar satifiket da adadin hannun jarin, ka ɗauki hoton kowacce gaba da baya. Sannan ka bincika ko kamfanin yana nan, domin ba duka bane suke da rai kuma gara ka sani tun yanzu.

Wanda ke riƙe da takardar Afribank ko Bank PHB ko Spring Bank, waɗannan an karɓe lasisinsu a 2011, haka Skye Bank a 2018, babu abin da dillali zai sayar maka a kasuwa, duk wanda yace ka kawo kuɗin aiki zai fitar maka da wani abu a nan ka yi hattara da shi. Wasu kuma haɗewa suka yi, Intercontinental da Diamond suka shige Access, Oceanic ya shige Ecobank, FinBank ya shige FCMB, kuma adadin da ke jikin takarda ba shi zaka tarar ba. Misali masu Diamond a 2019 an ba su hannun jarin Access 2 kan kowane 7 nasu, da naira ɗaya kan kowane hannun jari. Simintin Sakkwato wato CCNN ya koma cikin BUA Cement, na Binuwai ya koma Dangote Cement, na Ashaka kuma an cire shi daga kasuwa a 2017. Transcorp da mutane da yawa suka saya ya dunƙule hannayen jarinsa a 2024, kowane huɗu suka zama ɗaya. A ɗaya ɓangaren kuma akwai labari mai daɗi, kamfanoni da yawa sun yi ta ba da kyautar ƙarin hannun jari a tsawon shekarun nan, sai ka ga mai takardar dubu biyar yana da fiye da haka nesa a kundi bai sani ba. Saboda haka ka nemi rijistara ya baka bayanin asusunka, shi ne zai nuna gaskiyar adadin.

In kamfanin baya cikin NGX amma yana raye, akwai wata kasuwa da ake kira NASD inda ake cinikin irin waɗannan, kuma ba kowane dillali ne yake da rijista da ita ba, sai ka tambaya.

To wane dillali?

Abu na farko lasisi, kuma kar ka yarda da wanda aka rataye a bango. Ka shiga shafin SEC na intanet ka duba jerin waɗanda ta yi wa rijista, ka shiga na NGX ka duba ko kamfanin yana cikin masu lasisin ciniki kuma yana aiki a halin yanzu, domin akwai waɗanda sunansu yana nan amma an dakatar da su ko sun daina aiki. NGX tana fitar da rahoton da ake kira BrokerTraX mai nuna dillalan da aka hukunta da laifin da suka yi. In baka iya shiga da kanka ba ka sa ɗanka ko ƙaninka ya duba maka, aikin minti goma ne. Kuma kamfani zaka yi hulɗa da shi, ba mutum ba. Ko ɗan unguwarku ne yake aiki a can, takardu su shiga da sunan kamfani, rasit ya fito da hatimin kamfani.

Na biyu, ka tambaye su kai tsaye: kuna karɓar aikin mayar da satifiket zuwa CSCS? Wa ke kai wa rijistara? In sa hannu bai dace ba me kuke yi? Daga yadda suka amsa zaka gane ko sun saba. Wanda ya saba zai lissafa maka abin da zaka kawo ba tare da ya duba takarda ba, BVN da NIN da hoton fasfo da katin shaida da takardar wuta ko wani abin da ke nuna adireshinka, ya baka fom ɗin buɗe asusu da fom ɗin mayarwa na rijistaran da abin ya shafa, kuma zai gaya maka gaskiya cewa abin na iya ɗaukar makonni, in akwai gyaran suna ma har watanni. Wanda yace maka kwana uku an gama, ko bai san aikin ba ko yana so ne kawai takardar ta shiga hannunsa.

A nan ne ra'ayi ya rabu. Wasu suna cewa ka tafi wajen manyan kamfanoni irin waɗanda ke da alaƙa da bankuna, jarinsu ya fi ƙarfi, tsarinsu ya fi tsauri, da wuya ka wayi gari ka ji sun rufe. Gaskiya ne. Amma babban kamfani yana da manyan kwastomomi, mai takardar naira dubu ɗari biyu zai iya zama a layi ba mai waiwayarsa, sai dai ya yi ta tura saƙon imel. Wasu kuma suna cewa ƙaramin dillali ya fi, zai san ka da fuska, zai ɗaga waya in ka kira. Wannan ma gaskiya ne, sai dai a cikin ƙananan ne aka fi samun waɗanda suka durƙushe bayan 2008 suka bar mutane da neman inda asusunsu yake. Sai kuma masu manhajar waya, kuɗinsu da sauƙi kuma buɗe asusu ba wuya, amma an gina su ne dan sabon mai saye, wasu suna karɓar aikin takarda wasu basa yi, kuma kana buƙatar ka san wane dillali mai lasisi ne a bayan manhajar.

Ni dai a ganina, ga mutumin da ke Kano ko Kaduna ko Sakkwato da takarda a hannu, wanda yake da ofishi ko wakili tabbatacce a kusa da kai ya fi, ko da la'adarsa ta ɗan ɗara. Mafi yawan rijistarori hedkwatarsu na Legas, wasu suna da reshe a Abuja ko Kano, kuma duk lokacin da aka dawo da fom saboda wani ɗan kuskure kana buƙatar wanda zaka je ka zauna a gabansa. Na ga wannan da idona a kan takardun mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Da farko wani ɗan kamasho muka ba, wanda aka ce ya san hanya, muka miƙa masa takardun asali babu rasit babu komai saboda kunya da ganin mutunci, wata bakwai muna bin sa, kullum da sabon uzuri, da ƙyar muka karɓo su kuma ashe ko ofishin rijistara basu taɓa zuwa ba. Har yau in na tuna cewa da sun ɓace a hannunsa bamu da shaidar komai, sai gabana ya faɗi.

Dan haka duk wanda zaka ba takarda, ya baka rasit mai ɗauke da lambar kowace satifiket da adadinta da kwanan wata. Kar ka sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, musamman fom ɗin canjin mallaka ko na umarnin sayarwa. Kuma ka tabbata lambar wayarka da imel ɗinka ne aka sa a asusun CSCS, ba na dillali ba, domin ta nan ne alat zai shigo maka duk lokacin da aka taɓa hannun jarinka.

Maganar kuɗi

La'adar dillali tana da iyaka, bata wuce kashi 1.35 cikin ɗari na kuɗin ciniki, da yawa ma suna karɓar ƙasa da haka. In aka haɗa da kuɗin NGX da na CSCS da harajin hatimi da VAT, abin da ake cirewa mai sayarwa yakan kama kashi biyu da ɗan wani abu cikin ɗari. Wato a cinikin naira miliyan ɗaya, dubu ashirin da 'yan kai ne. Kaga bambancin dillali mai araha da mai tsada a irin wannan cinikin bai kai kuɗin motar zuwa Legas ba, shi yasa bana son mutum ya zaɓi dillali saboda la'ada kawai. Abin da ya kamata ka tambaya tun farko shi ne kuɗin gefe, na buɗe asusu, na aika takardu, da ko suna da mafi ƙarancin kuɗin da sai ka zuba kafin su buɗe maka, a rubuta maka su a takarda.

Mafi muhimmanci a nan shi ne inda kuɗin zai sauka. Tun 2016 akwai tsarin da kuɗin ciniki ke tafiya daga CSCS kai tsaye zuwa asusunka na banki ba tare da ya kwana a hannun dillali ba, an kawo shi ne saboda an sha kama dillalai suna sayar da kayan mutane suna juya kuɗin. Ka nemi a sa ka a wannan tsarin ranar da kake buɗe asusu. Dillalin da ya fara yi maka kwana-kwana a kan wannan, ka tattara takardunka ka fita. A da kwana uku na aiki ake jira bayan ciniki kafin kuɗi ya shigo, a ƙarshen 2025 aka rage shi.

Sannan in zaka ba da umarnin sayarwa, ka rubuta farashin da baka yarda a sauka ƙasa da shi ba, musamman in kamfanin ba a cika cinikinsa ba. Bayan an sayar ka karɓi takardar ciniki mai nuna adadi da farashi da duk abin da aka cire.

Wani abin da mutane ke mantawa, ribar shekarun baya. A 2023 SEC ta ce ribar da masu ita basu karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. Wannan kuɗin baya bin hannun jari in ka sayar, naka ne, kuma wajen rijistara ake neman sa ta hanyar cike fom ɗin biyan riba ta banki, wanda zaka iya miƙawa a bankinka ko wajen rijistaran. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce wanda ya shekara shida ba a karɓa ba a mayar da shi wani asusun amana na gwamnati, amma mai shi yana da ikon nema. Dillalin kirki zai tuna maka da wannan tun kafin ka tambaya. Ga waɗanda dalilin sayarwarsu shi ne basa son ci gaba da riƙe hannun jarin bankin ruwa ko kamfanin giya, yadda za a yi da ribar da ta taru magana ce ta malamai, a kai musu da cikakken lissafi.

In mai takardar ya rasu

Nan ne aikin ya fi tsawo. Dillali bashi da ikon sayar da hannun jarin mamaci da sa hannun ɗansa, ko da duk magada sun yarda. Sai an kai wa rijistara takardar shaidar rasuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda aka saba karɓowa daga sashen gado na babbar kotun jiha, a buɗe asusun banki da sunan dukiyar marigayin, sannan a mayar da hannun jarin ƙarƙashin waɗanda kotu ta naɗa. Ko da an riga an yi rabon gado a gida ko a kotun shari'ar Musulunci, ku tambayi rijistaran tun farko wace takarda yake karɓa kafin ku kashe kuɗi. Wasu sukan ce a kwaikwayi sa hannun marigayin kawai a huta, dan Allah kar a yi, laifi ne a doka, kuma haƙƙin marayu da mata ne ake wasa da shi. A irin wannan ku nemi dillalin da ya taɓa yin aikin gado, ku tambaye shi ƙarara ko ya taɓa.

In kuma takarda ce ta ɓace ko gara ta cinye ta, ba a rasa dukiyar ba. Rijistara zai nemi takardar rantsuwa daga kotu, wani lokacin da rahoton 'yan sanda, da fom ɗin ɗaukar alhaki. In sa hannu ne ya canza, bankinka ne zai rubuta takardar tabbatar da cewa kai ne.

In dillali ya saɓa

Ba auren dole bane tsakaninku. Kana iya mayar da asusunka wajen wani dillalin, lambar CHN ɗinka tana nan yadda take, kuma ko tsohon dillalinka ya rufe akwai hanyar da sabon zai bi ta CSCS ya ɗauko maka kayanka. In an cuce ka, ka fara rubuta ƙorafi ga kamfanin ka riƙe kwafi, in basu yi komai ba ka kai sashen sa ido na NGX, daga nan SEC, wadda take da ofishin shiyya a Kano banda hedkwatarta ta Abuja. Sama da nan akwai kotun musamman ta harkar zuba jari, kuma akwai asusun kare masu zuba jari da ake biyan diyya daga ciki in dillali ya karye ko ya ci amana, duk da cewa abin da ake biya yana da iyaka. A duk matakan nan abin da za a fara tambayarka shi ne rasit ɗin da aka baka ranar da ka miƙa takardun, da kwafin fom ɗin da ka sa wa hannu.